Wurin Kwanciyar Antie Ragel

Antie Ragel Fortuin yayar mahaifiyata ce, kuma a duk gonar inabin Rusthoek babu wanda ya kai ta daɗewa, in ka cire manyan itatuwan bakin ƙofa. A nan aka yanke mata cibiya, a ɗaya daga cikin gidajen ma'aikata da ke jere a gindin tudu, a nan ta yi aure, a nan haƙoranta suka zube. 'Yar gajeruwa ce, ɗankwalinta kullum a ɗaure tamau, ga baki kamar reza. Ta ga masu gonar nan sun zo sun tafi, kowa da motarsa da karnukansa da sabon tsarinsa, amma ita abu ɗaya tak ta roƙa a wurinsu: ranar da ta mutu a kwantar da ita kusa da mijinta, Oom Kerneels, wato Kawu Kerneels a bakinmu.

Maƙabarta biyu gare mu a Rusthoek. Akwai ta iyalan Nortje, waɗanda kakan kakansu ya sari wurin, an kewaye ta da katanga ana shafa mata farar ƙasa, kowane kabari da dutsensa da sunansa. Sai tamu a bayan katangar, babu shinge, babu dutse mai rubutu. Mu abin da mutum ya yi amfani da shi a duniya shi muke ɗora masa: kofinsa, farantinsa na tangaran ko da ya fashe, kwalaben sa furanni, bawon katantanwa in wani ya je bakin teku ya kawo tsaraba. Da su muke gane namu. A kan na Oom Kerneels akwai shuɗiyar butar shayi mai tsagaggen baki, da almakashin askin inabi wanda tsatsa ta gama cinyewa.

A zamanin Oubaas Nortje, wato tsohon maigidan, Antie ta fara aiki, tun kwandon inabi ya fi ta girma. Ni ban riske shi ba, amma ta ba ni labarinsa har na san yadda yake tari. Mutum ne da ya san sunan kowane ma'aikaci da na 'ya'yansa, ya kuma san yadda zai hana su zuwa ko'ina. A lokacin wani ɓangare na ladan aiki giya ce. Maza su yi layi a ƙofar rumbu, kowa da gwangwaninsa, a zuba masa ya shanye a tsaye. Kerneels, wanda ya ƙetaro kogi don askin inabi na shekara ɗaya ya ga Antie ya manta hanyar gida, shi ma yana cikin layin. Wata rana, tana da goyon 'yarsu Magriet, sai ta je ta tsaya a gurbinsa riƙe da gwangwanin.

"Oubaas, na Kerneels a ba ni sukari da gari a madadinsa."

"Ba a taɓa yin haka a gonar nan ba, Ragel."

"Ni ma ai ba a taɓa yi na ba, Oubaas, ga ni kuwa a tsaye."

Ya ba ta. Ita da bakinta take cewa ba don ya ga gaskiyarta ba ne, sai don layi ya tsaya kuma rana tana yi. Oom Kerneels ya yi ta kumbure-kumbure na ɗan lokaci, daga baya ya koma shayi, ya zama mayensa, har in butarsa ba ta kan wuta to ba ya gida.

Da Oubaas ya rasu ya shiga cikin katanga, gona ta koma hannun ɗansa Deon, wanda Antie ta yi wa wanka yana jariri. Shi ya sa har ya yi furfura ba ta daina ce masa Kleinbaas ba, ƙaramin maigida, kuma ba ta daina yi masa faɗa in ya fita babu hula ba. Deon ya hana layin giya, ya ja mana wutar lantarki. A zamaninsa ne Oom Kerneels ya faɗi tsakanin layukan inabi, cikin sanyin watan Yuli ana tsakiyar aski, almakashi a hannunsa. Deon ya kama akwatin gawar tare da mazanmu. Ana gama rufe kabarin Antie ta jawo hannun rigarsa.

"Kleinbaas, ka ga nan gefen hagunsa? Nawa ne."

"Naki ne, Antie, muddin akwai ɗan Nortje a gonar nan."

Ta ji farkon maganar, ba ta kula da ƙarshenta ba. 'Ya'yan Deon biyu ne, ɗaya ya tafi Ostareliya, ɗayar ta auri mai jirgin kamun kifi ta ce warin rumbun giya yana sa ta ciwon kai. Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, Deon ya sayar. Ranar da za su tafi ya tsaya a jikin katangar iyayensa yana kuka kamar yaro, Antie tana bubbuga masa baya tana cewa ya isa haka, mutane suna kallo. Ita ce ta lallashe shi, alhali ita aka bari ba alkawari.

Tun daga nan ta ɗauki wata al'ada. Duk wanda ya sayi Rusthoek, sai ta bari ya sauke kayansa ya huta, sannan ta gasa burodi, ta ɗauki kwalbar jam ɗin inabin da take dafawa, ta sa rigar zuwa coci, ta hau tudu zuwa babban gida ta faɗi buƙatarta.

Na farko kamfani ne, kuma kamfani ba shi da fuska. Manajoji yake turowa, kafin ka riƙe sunan wannan an kawo wani. Suka tumɓuke tsofaffin kuringun da Oubaas ya dasa, suka dasa waɗanda inji zai iya bi. Su ne kuma suka ce ba a ƙara binne kowa a gona, duk wanda ya mutu a kai shi maƙabartar gari. Mahaifiyata ma can aka kai ta, bakin layin dogo, a tsakiyar baƙi, kuma har gobe abin yana ci mini rai. Antie ta kai wa manajan lokacin burodinta. Ya ci, ya yaba, ya lashe cokali, ya ce sai ya tuntuɓi ofis. Har kamfanin ya sayar da gonar ofis bai amsa ba.

Da yake an daina kai sababbin gawawwaki, sai ciyawa ta ci wurin. 'Yan gicciyen katakon da aka kafa wa wasu suka ruɓe, tuddan kaburbura suka kwanta. Mutane da yawa sun koma gari, babu mai zuwa wa nasu. Antie dai duk Lahadi in an taso daga coci sai ta bi ta can, ta cire ciyawar da ke kewaye da butar, ta ba Oom Kerneels labarin mako: wa ya haihu, wa aka kora, wa ya sake komawa shaye-shaye.

Bayan kamfani sai wani likitan ido daga Pretoria, mai zuwa ƙarshen mako da abokansa. Ya canja wa gonar suna, ya rubuta a bakin ƙofa da manyan haruffa, mu kuwa ko sau ɗaya bakinmu bai kama sunan ba. Da Antie ta je masa da buƙatarta, tana ce masa Meneer, wato yallaɓai, sai ya fashe da dariya.

"Haba Antie, ke da za ki binne mu duka!"

"Meneer, ni ba tsawon rai na zo roƙo ba, wuri na zo roƙo."

Ya sake dariya, ya ɗaga mata fatar ido ya leƙa, ya ba ta maganin ɗigawa kyauta. Ta dawo gida ta ajiye shi a kan taga, ta ce ta je neman kabari an ba ta ruwan ido.

A shekarun nan Magriet, wadda ta yi aure a Cape Town, ta yi ta fama da ita ta koma wurinta. Ɗaki a gyare, bayan gida a ciki, asibiti kusa. Antie ta ce, "In na bar gonar nan da ƙafata, da wace ƙafar zan dawo?" An gaya mata doka ta canja, wanda ya daɗe a gona yana da haƙƙin a binne shi wurin danginsa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin doka riƙe da shebur ba, bakin mai gona take so ta ji.

Sai Meneer Claes ya zo, mutumin Beljiyam, shi da matarsa. Zan faɗi gaskiya ko da raina bai so ba: a cikinsu duka babu mai kirkinsa. Ya cire allon likita ya mayar da sunan Rusthoek. Ya gyara mana rufin gidaje tun ba mu roƙa ba. Aibinsa ɗaya, tsabta ta yi masa yawa. Mutum ne da zai tsayar da mota a tsakiyar hanya don ya tsinci marfin kwalba. A lokacin ƙafar Antie ta yi rauni, don haka ni na riƙe mata burodin muka hau tudun tare. Ya ba ta kujera, ya zuba mata shayi da hannunsa, abin da ba a taɓa yi mata a barandar nan ba.

"Meneer, mijina yana kwance a maƙabartar can sama. Ina so in na tafi a sa ni gefensa."

Ya ɗora hannu a ƙirji. "Antie Ragel, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Maƙabartar nan kin fi ni iko da ita. Na yi miki alkawari."

Da muke saukowa har waƙar coci take yi, tana dogara sandarta. Ta ce, "Lenie, kin gani? Mai haƙuri shi kan dafa dutse." Na ce, "Antie, saura ki sha romonsa, amma kar ki yi gaggawa." Ta kai mini duka da sandar. Ko a ranmu ba mu kawo cewa shi maƙabarta ɗaya ya sani a gonarsa ba, mai farar katanga. Baƙo ko da ido makaho ne, mu kuwa ba mu ja masa sanda ba.

A watan Fabrairu girbi ya kama. Duk mai ƙafa da hannu yana can gonar bakin kogi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba wanda yake leƙa tudu. Meneer Claes kuwa yana shirin buɗe ɗakunan saukar baƙi, yana so a yi musu hanyar shan iska ta bi ta jikin tsohuwar katangar. Ya leƙa baya ya ga ciyawa, fasassun farantai, kwalabe da gwangwanaye masu tsatsa. Ya ɗauka tsohon juji ne. Ya kira 'yan kwangila daga birni, suka kwashe komai a mota, suka bi wurin da ƙaramar katafila, suka zuba tsakuwa, suka kafa benci a ƙarƙashin inuwa.

Ranar Lahadi ina tare da ita. Muka zagayo katangar, sai muka ga fili fes, farar tsakuwa tana ƙyalli a rana. Antie ba ta yi ihu ba. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta taka a hankali zuwa wani wuri ta tsaya, ta girgiza kai, ta matsa gaba, ta dawo baya.

"Lenie, ina ne?"

"Antie, ai ke za ki faɗa."

"Butar nake bi," in ji ta. "Da wata ƙaya da ke gefensa. Shekara da shekaru butar nake bi, ban taɓa duba ƙasa ba."

Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙanƙanta haka ba, kuma a nan zuciyata ta ɗebe ni. Na bar ta a kan bencin na nufi babban gida da kayan cocina, na samu Meneer Claes yana cin abinci da baƙi, na gaya masa abin da ya yi a gaban kowa, ban rage komai ba. Na ce masa kakannina ne a ƙarƙashin tsakuwarsa. Ya ajiye cokali, ya bi ni a guje ko takalmi bai sa ba. Da ya ga Antie zaune sai ya yi ta cewa, "Ban sani ba, ban sani ba." Ta dube shi ta ce, "Na san ba ka sani ba, Meneer. Wanda ya sani ai ba zai sa benci ba."

Washegari da kansa ya je jujin gari inda motar ta zubar da kayan, ya wuni yana tono, ya dawo da buhu biyu na fasassun tangaran. Ba a samu butar ba. Ko da an same ta ma, a ina za a ajiye ta? Garin gyaran gira an rasa ido.

Aka tara tsofaffin da suka rage. Oom Apools, wanda yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin Oom Kerneels, ya buga sandarsa a wani wuri ya rantse nan ne. Matarsa ta ce ƙarya yake yi, nan uwarta take, tun yana saurayi ba ya gane hagu da dama. Ya ce mata in ta san wurin haka ta kwanta a gwada tsawon. Suka yi ta yi har Antie ta ce su tafi gida, sun cika wa matattu kunne. Meneer Claes ya ɗauko wasu mutane daga jami'a da na'urar da ke ganin ƙarƙashin ƙasa. Suka tura ta a kan tsakuwar kamar keken jarirai, suna kafa ƙananan turaku. Kaburbura suka fito layi-layi, sun fi yadda kowa yake zato yawa, har da ƙanana na yara da babu mai tuna su. Na'ura ta nuna inda mutane suke, amma ba ta san sunan kowa ba.

Bayan an gama girbi Meneer Claes ya sauko har gidan Antie, ya zauna a dakalin ƙofa yana murza hularsa. Ina wurin ina tsince mata wake. Ya ce ya yi tunani. Akwai sauran fili a cikin katanga, kusa da Oubaas da matarsa. Zai ba ta wurin, zai sa a sassaƙa dutse mai kyau da sunanta da na Oom Kerneels, ba wanda zai sake taɓa shi har abada. Ni kaina sai da na ji wani abu, domin babu namu da ya taɓa shiga katangar nan sai da bokitin farar ƙasa.

Antie ta yi dariya har tana tari. "Kusa da Oubaas? Haba Meneer! Mutumin da tun asuba yake ƙwala mini kira. In kwanta gefensa, ko mako ba zan yi ba zai ce, Ragel, tashi ki ɗora ruwa. A'a, na yi musu aikin duniya, na lahira kuma su nemi wata."

Shi ma ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ta dafa masa gwiwa. "Dutse kuma ka bar shi. Me zan yi da sunan Kerneels a inda babu Kerneels?"

"To me zan yi, Antie? Ki gaya mini."

"Ka bari in yi tunani. Kai dai ka cire bencin nan."

Ta yi makonni ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta rage cin abinci, ta rage faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Magriet ta zo ta roƙe ta ta bi ta, tunda yanzu babu abin da take tsaro. Antie ta ce mata ta koma wurin mijinta kafin wata ta ɗauke shi. Sai wata safiya, ganyen inabi ya fara ja yana zuba, ta aiko a kira ni ta ce in raka ta tudu. Muka bi tsakanin turakun a hankali, ba ta tsaya a ko'ina ba, har muka fita ta ƙarshen wurin, inda layin ƙarshe ya ƙare inabi ya fara. Rana tana fitowa ta bayan duwatsu tana haska mana fuska.

"Nan gabas ne ko?" in ji ta.

"Gabas ne, Antie."

"Kuma duk ƙafarsu nan take kallo."

Haka ne. Mu ƙafa gabas muke kwantar da namu, don ranar da aka busa ƙaho mutum ya miƙe yana fuskantar inda Ubangiji zai ɓullo. Ta buga sandarta a ƙasa.

"To nan za ku sa ni. Kar ku je tsakiya kuna tono ku taɓa ɗan wani. Ku sa ni nan gaban kowa. Ran da suka tashi duk ta nan za su bi, dole ya wuce ta gabana. Ni na yi ta zuwa wurinsa cikin ruwa da iska, Lenie. Yanzu shi ya neme ni."

Na ji hawaye yana neman zubo mini, sai na mayar da abin wasa. "In ya wuce bai gane ki ba fa, Antie? Ya bar ki da haƙora."

"Kerneels? Tun daga jikin katanga zai ji muryata."

Ba ta ga girbi na gaba ba. Ta tafi cikin sanyi, ana askin inabi, a kan gadonta, Magriet tana riƙe da hannunta. A wurin da ta buga sanda muka sa ta, kuma ita ce ta farko da aka binne a Rusthoek tun zamanin kamfani. Meneer Claes ya sa an kwashe tsakuwar, ya kewaye wurin da shinge, ya tsaya can baya ranar jana'izar bai matso ba sai da aka kira shi.

Tsakaninta da Oom Kerneels zai iya zama kabari ɗaya, zai iya zama ashirin, babu wanda ya sani. In na je gaishe ta nakan durƙusa in yi mata magana ƙasa-ƙasa. Shi kuwa sai na miƙe na ɗaga murya, don ban san ta ina zan juya ba.